Rowa ko Wadatar Zuci: Hukuncin Ƙaramar Mota a Ƙasar Yauri

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Yelwa da safiyar ranar aiki, ko ya bi hanyar da ta tashi daga Malando ta gangara Ngaski har zuwa Wara, zai lura cewa guntayen motoci ne suka fi yawa, irin waɗanda ake ɗaga bayansu gaba ɗaya a zuba kaya: Golf ta kamfanin Volkswagen, Starlet ta Toyota, Peugeot 206, jefi-jefi kuma Micra. Wasu daga cikinsu sun girmi masu tuƙa su, domin Golf ɗin da aka fi gani an fara ƙera ta ne a 1991, Starlet kuwa tun 1999 aka daina ƙera irinta. Su ke kai malamin makaranta aiki, su kai mai jego asibiti, su ɗauko buhunan albasa da kwandunan busasshen kifi ranar kasuwa. In mai irin wannan mota talaka ne, ba wanda ke cewa uffan, ai iya ƙarfinsa ke nan. Magana takan tashi ne idan an san mutum yana da hali, ga gona ga shago ga albashi, amma ya shekara goma a cikin 'yar ƙaramar mota bai sauya ba. Nan majalisa take rabuwa biyu. Wasu su ce maƙo ne, Allah ya ba shi ya ƙi ci. Wasu su ce ai bawan Allah ne, duniya ba ta dame shi ba. Duka ɓangarorin biyu da girman motar suke awo. A ganina addini ya ba da wani ma'auni daban: abin hawan da ya dace da mutum shi ne wanda zai iya sauke haƙƙinsa kullum ba tare da ya danne haƙƙin wani ba. Idan aka auna da wannan, ƙaramar mota za ta yi rinjaye a mafi yawan gidajen ƙasar Yauri, amma da sharuɗɗan da masu yabonta ba su cika son ji ba.

Alƙur'ani bai ɗauki abin hawa a matsayin ƙaramin al'amari ba. A aya ta 8 ta Suratun Nahli an ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, aka ce an halicce su don a hau, kuma don ado. Ke nan ado da abin hawa ba haramun ba ne, wanda duk ya ce haramun ne ya ƙunsa wa addini abin da bai faɗa ba. Amma hawan aka fara ambata, adon ya biyo baya. A Suratuz Zukhrufi kuma, daga aya ta 12 zuwa ta 14, an haɗa jiragen ruwa da dabbobi a wuri guda, aka koya wa wanda ya daidaita a kansu ya tuna cewa ba ƙarfinsa ne ya hore masa su ba, kuma komawa ga Allah tana nan tafe. Mutanen bakin tafkin Kainji, da Gungawa da Sarkawa da sauran masu kwana a kan ruwa, sun fi kowa sanin nauyin wannan tunatarwa. Daga irin waɗannan nassoshi malaman usulu suka kasa maslahar ɗan Adam gida uku: larura, buƙata, da ƙawa, kamar yadda Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus, ya yi bayani a littafinsa Al-Muwafaƙat. Ƙa'idar ita ce na ƙasa ba ya cin na sama. Ga mutumin Wara ko Shanga da ke nesa da babban asibiti, mallakar mota buƙata ce, a daren naƙuda ma takan zama larura. Amma abin da ya ƙaru a kan ta tashi lafiya ta kai shi inda za shi, wato tsayinta da faɗinta da sheƙinta, wannan ƙawa ce. Ƙawa halal ce muddin daga rarar dukiya aka biya ta.

To daga ina ake biyanta? Mutane da yawa suna lissafin kuɗin sayen mota, su manta cewa ranar saye rana ɗaya ce, ciyarwar kuwa ta kullum ce. Kafin 29 ga Mayu 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ɗaya ba ta kai naira 200 ba a gidajen mai na hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da dama na Arewa. Ƙaramar mota mai lafiyayyen inji takan sha kamar lita 7 zuwa 8 a tafiyar kilomita 100, babbar jif mai silinda shida kuwa takan sha kusan ninkin haka. A ce mutum yana yin kilomita 1,000 a wata, tsakanin wurin aiki da gona da zumunci. Bambancin da ke tsakanin motocin biyu zai kai kamar lita 70, wanda a farashin naira 1,000 ya yi daidai da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024. Ba a zo kan taya ba, ba a zo kan baƙin mai da batir ba. Sannan ga gyara. Golf in ta tsaya, kusan kowane bakanike da ke ƙarƙashin inuwar dalbejiya a Yelwa ya san cikinta da bayanta, kayanta kuma akwai su sabo da na hannu. Jif ta zamani in ta kunna wata fitila a gaban sitiyari, sai an nemi mai na'urar kwamfuta, wani lokaci sai an ja ta zuwa Sakkwato ko Kaduna. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ga ƙatuwar mota a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, taya ɗaya ta sace, kaji suna kwana a ƙarƙashinta, maigidan kuma ya fito da babbar riga yana tsayar da ɗan acaɓa. Ciyar da iyali, da kuɗin makaranta, da magani, wajibai ne. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa tozarta waɗanda mutum yake ciyarwa ya ishe shi zunubi. Duk litar da aka ƙona don a burge majalisa alhali ana bin gidan bashin masara, an ɗauke ta ne daga wajibi aka kai wa ƙawa.

Masu cewa rowa ce suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Tirmizi ya ruwaito cewa Allah yana son ya ga alamar ni'imarsa a jikin bawansa. Ibnu Hibban kuma ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa abin hawa mai daɗi yana cikin abubuwa huɗu na jin daɗin duniya, tare da mace ta gari da gida mai yalwa da maƙwabci na gari. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi waɗanda ba sa almubazzaranci, amma a wuri guda ta ce ba sa ƙuntatawa. Saboda haka attajirin da zai cusa mata biyu da 'ya'ya takwas a cikin Starlet mai suɗaɗɗun tayoyi, alhali yana da kuɗin sayen motar da za ta ɗauke su, marowaci ne, ko da carbi nawa yake ja. Wannan ba a musu. Sai dai a duba abin da hadisin Sa'adu ya yaba. A wata ruwaya ta Hakim an fayyace cewa dabbar da ake nufi ita ce mai sauƙin hawa wadda take riskar da kai abokan tafiyarka, mummunar kuwa ita ce wadda in ka matsa mata ta gajiyar da kai, in ka ƙyale ta a bar ka a baya. Aiki aka auna, ba a yi zancen girma ko tsada ba. Da wannan awo, 'yar Golf da ke tashi da murɗa makulli ɗaya ta fi jif ɗin da ke kwance tana jiran kuɗin gyara kusa da abin da aka yaba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana da taguwa yana da alfadari, duk da haka Buhari ya ruwaito ya hau jaki ya goya Mu'azu ɗan Jabal a bayansa. Alamar ni'ima kuwa ba a ƙofar gida kaɗai take bayyana ba. Ana ganinta a tukunyar gidan, a jikin yara, a hannun maƙwabci.

Hujja ta biyu ita ce mutunci, kuma ita ce ta fi cin zukata duk da ba a cika furta ta ba. Gaskiya ne a wurin ɗaurin aure mai babbar mota ake fara shimfiɗa wa darduma, a ƙofar ofis shi mai gadi yake fara buɗe wa, maroƙi ma ba ya ɓata kirarinsa a kan mai 206. Ɗan kasuwa zai ce maka in ya je neman kwangila a ƙaramar mota ba a ɗaukarsa da muhimmanci. Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A Indiya kamfanin Tata ya fito da mota mai suna Nano a 2009 a kan rufi 100,000, da nufin iyalan da ke hawa babur su huɗu su samu rufi a kansu. Ba ta karɓu ba, aka daina ƙera ta wajen 2018, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne ba wanda ke son a gan shi a motar da aka yi wa laƙabi da mafi araha a duniya. Amma a Japan, ƙasar da ke ƙera jif ɗin da muke rububi, fiye da kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin da ake saya 'yan mitsitsi ne masu injin da bai wuce cc 660 ba, kuma ba a raina likita don ya shiga ɗaya. Ashe raina ƙaramar mota ɗabi'a ce da al'umma take koya, tana kuma iya bari. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa kyakkyawar sutura ba ita ce girman kai ba, girman kai shi ne ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Idan haka ne, laifin yana wuyan mai gadin da maroƙin da mu 'yan kallo, kuma ba daidai ba ne mutum ya ci bashi, balle bashin ruwa, don ya yi maganin cutar da ke zukatan wasu. Hausawa sun riga sun faɗi tashar da mai hawa motar kwaɗayi yake sauka. A wannan jiha tamu ba ma buƙatar aron misali daga nesa. Malam Abdullahi na Gwandu, wajen shekarar 1807, ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas har ya tsaya a Kano, kuma cikin abin da ya koka da shi a Tazyinul Waraƙat akwai yadda hankalin wasu ya koma ga mulki da tufafi da dawakin sukuwa a cikin gari. Abin da ya dame shi a doki shi ne yake damunmu a mota. Sai dai a nan akwai wani tarko ta ɗaya gefen: mai ƙaramar mota ma yana iya yin riya da ita, yana hura hanci wai shi ya fi ƙarfin duniya, yana yi wa duk mai jif kallon ɓarawo. Zuciyar da ta yi haka ba ta wadatu ba, ta sauya abin taƙama ne kawai.

Hujjar da ta fi duka ƙarfi ita ce ta hanya da tsaron rai. Wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Ngaski da Shanga da damina ya san yadda ƙaramar mota take shan wuya: ƙasanta ya daki tudu, salansa ta tsinke, ruwa ya shiga inji a kwazazzabo, a fito a tura. A kan babban titin da ya taso daga Jega ya bi ta Koko da Yauri ya nufi Kontagora kuma, tirela da tanka ne abokan tafiyarta, kuma ba sai an yi karatun kimiyya ba kafin a san cewa idan ƙarami da babba suka yi karo, na cikin ƙaramin ne suka fi jin jiki. Tsofaffin motocin nan da yawansu ba su da jakar iska mai kare direba. Kare rai yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo don tsarewa, saboda haka wanda aikinsa ke kai shi cikin daji kullum, kamar malamin gona ko mai rigakafi, in ya nemi mota mai tsayi buƙata ya biya. Na yarda da wannan. Amma a tsaya a kalli ƙaramar motar da ke barin tasha ranar kasuwa. Mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, wani lokaci har da wanda ya raɓa a gefen direban yana matsa ƙafa duk lokacin da za a sa giya. Huɗu a baya. But a buɗe, an danna buhuna an ɗaure murfin da igiya, bayan motar ya sunkuya har taya tana gogar ƙarfe, wani yaro ya ɗare a kan kayan. Motar da aka ƙera don mutum biyar ke nan. Birkinta an auna shi ne da nauyin mutum biyar, tayoyinta ma haka. In ta ƙwace a kwana, sai a ce ƙaramar mota ba ta da tsaro, ko a ce kwana ne ya ƙare.

Nan ne sharaɗin yake. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah ya shiga wata gona ta wani Ba'ansare, raƙumi ya gan shi ya yi ta zubar da hawaye, sai ya kira mai shi ya yi masa faɗa a kan yunwatar da dabbar da ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Mota ba ta da rai, ba ta kai ƙara, amma waɗanda ke cikinta suna da rai, kuma amana ne a hannun mai sitiyari. Tirmizi ya kawo labarin wanda aka umurta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Addu'ar hawa ba ta maye gurbin man birki. Ƙasar Ngaski ta ga abin da lodi fiye da ƙima ke jawowa, ko da yake a ruwa ne: a watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa kasuwar Wara ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse, kaɗan ne suka tsira. Allah ya jiƙansu. Direban haya zai ce in bai yi wannan lodin ba, bayan mai da kamasho da abin da ake miƙawa a shingaye ba abin da zai kai gida, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka matsin tattalin arziki bai halatta caca da rayukan mutane ba. Wanda ya zaɓi ƙaramar mota ya zaɓi iyakarta: ya yi sawu biyu inda babba za ta yi ɗaya, ya rage gudu, ya sauya taya kafin zarenta ya fito, ya haƙura da tafiyar dare. Wanda yake son arahar ƙaramar mota amma yana ɗora mata aikin a-kori-kura, kwaɗayi ne ke tuƙa shi ba wadatar zuci ba.

Akwai masu cewa duk wannan wa'azin wadatar zuci hanya ce ta lallashin talaka ya yi shiru, a bar shi da ramuka. Wannan zargi zai tabbata ne idan aka faɗaɗa wadatar zuci ta wuce hurumin da aka ajiye ta. Hurumin nata shi ne aljihun mutum da abin da ransa ke so. Ba ta shafi haƙƙin jama'a da ke wuyan hukuma ba. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwa da tsibiransu, da yawansu daga masarautar Yauri, domin ƙasa ta samu wutar lantarki. Jikokin waɗanda suka bar gonaki da kaburburan iyayensu a ƙarƙashin ruwa ba alfarma suke roƙo ba idan suka nemi hanya mai kyau. Abin lura ma shi ne babbar mota ce ta fi kashe wannan magana. Idan duk mai faɗa-a-ji ya sayi jif ya bi ta kan ramuka bai ji komai ba, gilashi a rufe, sanyi na kaɗawa, ramin ya rasa mai kai kukansa. Da a ce kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa a Golf suke zuwa Wara, bayansu ne zai riƙa tuna musu da hanyar kowane mako.

Sannan mota a ƙauye ba ta mai ita ba ce shi kaɗai, ko ya so ko bai so ba. Shi za a buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare, shi zai kai amarya, shi zai bi gawa. Babu zakka a kan abin hawan da mutum yake amfani da shi, malamai sun ɗauko wannan daga hadisin da ya ɗauke zakka daga dokin Musulmi. Amma Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri umurnin cewa wanda yake da rarar abin hawa ya taimaka wa wanda ba shi da shi. Wannan haƙƙi ya fi sauƙin saukewa ga wanda galan ɗaya zai kai shi asibitin Yauri ya dawo da shi, fiye da wanda zai tsaya lissafin mai da tsoron kada a ɓata masa kujera.

Kirana ga limaman Juma'a na Yelwa da Wara da Shanga da Birnin Yauri shi ne su ware huɗuba guda kafin damina, wata kuma kafin zirga-zirgar Sallah, a kan lodi da taya da birki, su kira abin da sunansa na cin amana. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshi su hana mota fita da mutum biyu a kujerar gaba, fasinja kuma ya yarda ya biya kuɗin kujera cikakkiya, tunda ransa ne a ciki.